Babi na Shida: Shekaru Goma Ba Mai Duba 'Yan Kwana-kwana

A tsaye majalisar mashawartan sarautar Ingila take yin taronta. Kusan sau ɗaya a wata, ministoci uku ko huɗu sukan tafi inda Sarki yake, ko fadar Buckingham, ko Windsor, ko Balmoral idan ya tafi hutu Sikotland, su jeru a gabansa. Shugaban majalisar ya riƙa karanto kanun takardu ɗaya bayan ɗaya, Sarki yana cewa ya amince. Babu muhawara, babu tambaya, domin tun a ma'aikatu aka gama komai. An ce tun zamanin Sarauniya Victoria aka ɗauko wannan al'ada ta tsayuwa, don kada wani ya samu wurin zama ya ja zance.

A cikin takardun da suka riƙa bi ta wannan hanya akwai wata 'yar gajeriya da kan zo jefi-jefi, wato ta naɗa sufeton hukumomin kashe gobara da ceto. Dokar kashe gobara ta 2004, a sashe na 28, ta ce Sarauniya ce mai naɗa sufetoci da umarnin da za ta bayar a wannan majalisa, minista kuwa mataimaka kawai yake naɗawa. Takardar ba ta cika shafi guda ba: sunan umarnin, ranar da zai fara aiki, sai sunan mutumin. Abin da aka ƙulla da umarnin fada kuwa da umarnin fada ake kwance shi. Idan sufeto zai tafi, sai an kawo wata takardar ta soke ta farko, ko dai ita kaɗai, ko a haɗa sokewar da naɗin magajinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wata babbar katanga ce da ke kare sufeto daga 'yan siyasa. Ministan da ya kai sunan mutum fada shi ne dai zai kai takardar sauke shi, Sarki kuwa ba ya ƙin abin da ministocinsa suka kawo. Amfanin tsarin ɗaya ne: ba a yin abin a ɓoye. Dole a buga takardar, kowa ya gani da suna da kwanan wata. Yawancin irin waɗannan takardu ma ba su da wani labari a bayansu. Mutum ya tsufa, ko wa'adinsa ya cika, ko ya samu wani aiki, shi ke nan. Amma abin da ya faru a Ingila a 2007 dabam ne. A shekarar ne Sir Graham Meldrum, babban sufeton kwana-kwana, ya yi ritaya, ba a kuma naɗa kowa a kujerarsa ba. Hukumar da yake shugabanta ma aka naɗe tabarmarta.

Wannan hukuma 'yar yaƙin duniya na biyu ce. Kafin yaƙin, kowane gari da rundunarsa, wani ƙauyen ma mota ɗaya ce da 'yan sa-kai. Da jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai a Landan da Coventry da sauran birane, sai aibin ya fito fili. Rundunar wani gari ta zo taimako, a tarar bakin mesarta bai dace da famfon garin da ta zo ba, muƙamai ba iri ɗaya ba, ba a san wa ke ba wa umarni ba. A watan Agustan 1941 gwamnati ta haɗe rundunoni kusan 1,600 ta mai da su runduna ɗaya ta ƙasa. Bayan yaƙi, dokar 1947 ta mayar wa ƙananan hukumomi aikin, amma da sharaɗi: za a sa musu ido. Dokar ta tanadi sufetocin da Sarki zai naɗa, kamar yadda aka yi wa 'yan sanda tun 1856.

Aikinsu a bayyane yake. Sukan zagaya runduna-runduna, su duba motoci da tsani da mesa, su sa a yi atisaye a gabansu, su riƙe agogo su ga minti nawa ake ɗauka daga ƙarar ƙararrawa zuwa fitar mota. Akwai ma'aunin da ƙasa duka take bi. An kasa unguwanni gwargwadon haɗarinsu. A tsakiyar babban birni, wajibi ne motoci biyu su iso cikin minti 5, ta uku cikin minti 8. A unguwannin gidajen zama, mota ɗaya cikin minti 8 zuwa 10. A karkara, mota ɗaya cikin minti 20. Ƙaramar hukuma kuma ba ta isa ta rufe tasha ko ta rage ma'aikata ba sai minista ya yarda, shi kuwa minista sufetocinsa yake tambaya.

Duk da haka hukumar tana da nata ciwon, kuma masu sukarta ba ƙarya suka yi mata ba. Kusan duk sufetocin tsofaffin shugabannin kwana-kwana ne. Mutum ya zo duba rundunar da abokin karatunsa ke jagoranta, ko yaronsa na dā, an ci abinci tare, an rubuta rahoto mai ladabi. Ma'aunin kansa ma dukiya ya fi aunawa a kan rayuka. Layin bankuna da kantuna, inda ba kowa da dare, shi ke samun motoci uku cikin minti takwas. Unguwar da tsoho ke barci da sigari a hannu, ko uwa ta bar kaskon mai a kan wuta, wadda a nan ne mutane suka fi mutuwa, sai mota ɗaya. Hukumar binciken kuɗin ƙananan hukumomi ta yi wannan ƙorafi tun 1995, ta ce an zuba hankali kan gudu zuwa wurin gobara an bar hana ta tashi.

Sai yajin aikin 2002 ya zo. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwana-kwana ƙarƙashin Andy Gilchrist ta nemi ƙarin kashi 40 cikin ɗari, albashi ya kai fam 30,000 a shekara. Rabon da a yi yajin ƙasa baki ɗaya a wannan aiki tun 1977. Gwamnatin Tony Blair ta fito da sojoji a cikin wasu tsofaffin koren motoci da aka ƙera tun shekarun 1950, suna rarrafe a kan titi. A tsakiyar rikicin, a Disambar 2002, kwamitin Farfesa George Bain ya miƙa rahoto cewa ba ƙarin albashi sai da gyaran aiki tun daga tushe. An ƙare a kan kashi 16 a tsakiyar 2003. Gyaran kuwa ya zo da tsintsiya. Aka soke ma'aunin mintoci na ƙasa, aka ce kowace hukuma ta auna haɗarin yankinta ta tsara abinta. Aka cire sharaɗin neman yardar minista kafin a rufe tasha. Aikin auna ƙwazon hukumomin aka miƙa wa masu binciken kuɗin ƙananan hukumomi, suka yi zagayen farko a 2005. To, sufeton da aka ƙwace wa ma'auni, aka ba wani aikin dubawa, me ya rage masa? Shekara biyu bayan nan aka rufe ofishin.

A madadinsa aka ƙirƙiro muƙamin babban mai ba gwamnati shawara kan kashe gobara, aka ba Sir Ken Knight, wanda ya sauka daga shugabancin rundunar Landan ya karɓa. Ba wanda ke shakkar sanin aikinsa. Amma mai ba da shawara dabam, mai dubawa dabam. Shi na farko yana zaune a ma'aikata, minista ya tambaye shi ya amsa. Na biyu shi ke fita ya shiga inda ba a gayyace shi ba, ya rubuta abin da ya gani, ya buga wa jama'a. A kan takarda muƙamin sufeto bai mutu ba, domin dokar kiyaye gobara ta 2005 ta ɗora wa sufeton alhakin gine-ginen gwamnatin sarauta, irin su gidajen yari da ofisoshin ma'aikatu, waɗanda kwana-kwanan yanki ba su da iko a kansu. Saboda haka takardun naɗi da na sokewa suka ci gaba da zuwa majalisar fada. Knight ya sauka a farkon 2013, Peter Holland, tsohon shugaban rundunar Lancashire, ya gaje shi. Wanda ke bin takardu kawai zai rantse ba abin da ya canza.

A watan Agustan 2010 sabon ministan ƙananan hukumomi, Eric Pickles, ya sanar zai rushe ita ma hukumar binciken kuɗin. An rufe ta gaba ɗaya a ƙarshen Maris na 2015, amma tun kafin nan ta daina auna kwana-kwana. Abin da ya saura shi ne wani tsari na 'yan'uwa su duba juna: shugaban runduna ya gayyato takwarorinsa daga wasu yankuna, su yi 'yan kwanaki, su rubuta masa ra'ayinsu. Wanda ya tashi a garuruwanmu lokacin da dubagari ke shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata ya san abin da ya sa ake share tsakar gida da sassafe: ba a san ranar zuwansa ba, kuma ba ɗan gida ba ne. A ce maigida shi zai zaɓi dubagarinsa, ya faɗa masa ɗakin da zai shiga, ya kuma ajiye takardar a aljihu in ba ta yi masa daɗi ba, ai an gama.

Abin da ya sa aka daɗe ba wanda ya ɗaga murya shi ne alƙaluma suna ta yin kyau. Gobara tana raguwa shekara bayan shekara, mace-macen ma haka. Na'urar jin hayaƙi ta shiga yawancin gidaje, dokar 1988 ta hana sayar da kujeru da katifun soso masu saurin kamawa, masu shan sigari sun ragu, 'yan kwana-kwana da kansu suna bi gida-gida suna wayar da kai. A rahoton da Knight ya rubuta a watan Mayun 2013 ya ce kiran da ake yi wa rundunoni ya ragu da kashi 40 cikin ɗari a shekara goma, alhali kuɗin da ake kashewa bai ragu haka ba. Abin da gwamnati ta ji a wannan magana shi ne akwai wurin tsuke baki. Ba ta tambayi ko rundunonin sun shirya wa gobarar da ba a saba gani ba. Matsakaicin adadi ba ya nuna irin wannan. Gobara dubu ta kicin za ta iya raguwa, ɗaya tak ta dogon bene ta zo ta samu ba wanda ya san yadda zai yi da ita.

An ma yi gargaɗi. Ranar 3 ga Yulin 2009 wuta ta tashi a wani bene mai hawa 14 da ake kira Lakanal House a kudancin Landan. Mutum shida suka rasu, uku daga ciki yara. Wutar ta bi ta bangon waje ta haura sama, ta kuma gangaro ƙasa, abin da tsarin ginin ya kamata ya hana. Masu amsa waya a ɗakin kira sun yi ta gaya wa waɗanda suka maƙale su zauna a ɗakunansu, ceto na nan tafe. A 2013 mai shari'ar da ta binciki mutuwar, Frances Kirkham, ta rubuta wa rundunar Landan da ƙaramar hukumar yankin da ma'aikatar Pickles, ta jera abubuwan da ya kamata a gyara: horon masu amsa waya, sanin dogayen gine-gine, da sake duba ƙa'idojin gini. Duk suka amsa da wasiƙu masu daɗin karatu. Amma babu ofishi ɗaya a ƙasar da aikinsa shi ne ya dawo bayan shekara biyu ya ce a nuna masa horon da aka ce an yi.

Da aka mayar da harkar kwana-kwana ma'aikatar cikin gida a Janairun 2016, Theresa May, wadda ke riƙe da ita a lokacin, ba ta ɓoye mamakinta ba. A wani jawabi a watan Mayu ta kwatanta tsarin duba juna da ɗalibin da ya tsara wa kansa jarrabawa, ya kuma yanke cewa ya ci. Dokar da ta tanadi sababbin sufetoci ta samu hannun Sarauniya ranar 31 ga Janairun 2017. Ya kamata a riƙe wannan kwanan wata, domin mutane da yawa suna zaton gobarar Grenfell ce ta sa aka dawo da sufetoci. Dokar ta riga gobarar da wata huɗu da rabi. Sai dai ba a kai ga naɗa kowa ba.

Daren 14 ga Yunin 2017, cikin watan azumi, firji ya kama wuta a wani gida a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin Landan. An kira kwana-kwana ƙarfe 12:54, suka zo cikin mintoci, suka kashe wutar kicin ɗin. Ashe ta riga ta fita ta taga ta kama rufin ado da aka manna wa bangon waje a gyaran da aka gama a 2016, faranti biyu na alminiyam da roba mai cin wuta a tsakaninsu. Cikin rabin sa'a ta kai ƙololuwa. Musulmin da ba su kwanta ba suna jiran sahur suna daga cikin waɗanda suka fara buga ƙofofin maƙwabta. A ɗakin kira kuwa an ci gaba da cewa mutane su zauna a ciki har ƙarfe 2:35. Mutum 72 suka rasu. Bayan mako biyar, a watan Yuli, aka sanar cewa sufetocin 'yan sanda ne za su haɗa da duba kwana-kwana.

Zai yi sauƙi a ce da ba a rufe ofishin sufetoci a 2007 ba da ba a yi Grenfell ba. Ban yarda da wannan ba. Sufeton kwana-kwana ba shi ke amincewa da kayan gini ba. Kwamitin binciken Sir Martin Moore-Bick, a rahotonsa na ƙarshe na Satumbar 2024, ya ɗora babban laifin a kan kamfanonin da suka yi ha'inci wajen gwajin kayansu, da masu gyaran ginin, da hukumar da ke kula da shi, da gwamnatocin da suka yi ta kawar da kai. Amma kwamitin ya kuma ce rundunar Landan ba ta koyi darasin Lakanal ba. Tun a rahoton farko na Oktobar 2019 ya nuna cewa jami'an da suka fara jagorantar aikin a daren ba a horar da su kan wutar da ke bin bangon waje ba, ba su da shirin kwashe mutane daga dogon bene, kuma da an janye umarnin zama a ciki tsakanin ƙarfe 1:30 da 1:50 da wataƙila an ceci ƙarin rayuka. Wannan ɓangaren, na horo da ɗakin kira da bin diddigin alƙawari, shi ne ainihin gonar sufeto. Ko tsohuwar hukumar, da sanayyarta da ladabinta, za ta gano shi, wannan wata magana ce. Amma aƙalla da akwai wanda za a tambaya.

Sikotland ba ta bi Ingila ba. Ta riƙe sufetocinta, har bayan da ta haɗe rundunoninta takwas suka zama ɗaya a Afrilun 2013.

Mutumin da ya fara riƙe sabon muƙamin babban sufeton kwana-kwana a Ingila, Sir Thomas Winsor, lauya ne, bai taɓa riƙe mesa ba. Haka ma da aka ba shi duba 'yan sanda a 2012, shi ne na farko da bai taɓa sa kaki ba, kuma 'yan sandan sun yi ta guna-guni. Ya san ɗanɗanon matsin gwamnati tun yana mai sa ido kan harkar jiragen ƙasa. A 2001, lokacin da kamfanin Railtrack ke durƙushewa, an shaida masa cewa idan ya sa baki gwamnati za ta kawo dokar gaggawa ta mai da ofishinsa ƙarƙashin minista. Ba sai an sauke mutum ba ke nan kafin a kashe muƙaminsa. Winsor ya kammala wa'adinsa a ƙarshen Maris na 2022, Andy Cooke, tsohon shugaban 'yan sandan Merseyside, ya hau.

Rahotannin farko sun fito a Disambar 2018, aka bi rundunoni 45 ɗaya bayan ɗaya. Wajen amsa kira da kashe wuta yawancinsu sun yi abin yabo. Inda aka tarar da rami shi ne sashen duba gine-gine, wanda aka yi ta zaftare wa ma'aikata a shekarun tsuke baki, domin shi ne sashen da ba a ganin motarsa a titi. Rahoton rundunar Landan na Disambar 2019 ya ce tana jinkirin koyon darasi, wasu direbobinta da masu jagorantar aiki sun daɗe ba a sabunta musu horo ba. A watan ne shugabar rundunar, Dany Cotton, ta sauka kafin lokacin da ta shirya.

Sai kuma abin da tsohon ma'aunin mintoci ba zai taɓa kamawa ba, wato yadda ake zaman tasha. Bayan wani matashi mai koyon aiki ya kashe kansa a 2020, rundunar Landan ta sa Nazir Afzal, tsohon babban mai gabatar da ƙara, ya binciki halin zamanta. A Nuwambar 2022 ya ce wariyar launin fata da wulaƙanta mata sun zauna a jikin rundunar. Cikin abin da ya ji har da Musulmin da aka cusa wa naman alade a cikin abincinsa, da baƙar fatar da aka rataye wa igiyar zarge a inda yake ajiye kaya. Wata guda bayan nan sufetoci suka sa rundunar cikin sa-ido na musamman, ba ta fita ba sai a 2024. A Maris na 2023 suka fitar da rahoto kan ƙasar baki ɗaya mai shawarwari 35, suka ce sun ji ƙorafin cin zali da tsangwama a kowace runduna. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shekara da shekaru takwarori suna ziyartar juna a waɗannan tashoshi, ba a ga rahoton da ya tayar da wannan ƙura ba.

Da duk wannan, ikon sabon sufeton bai wuce na gani da faɗa ba. Yana iya shiga tasha, ya nemi takardu, ya ba da maki, ya buga. Ba ya iya tilasta wa kowa komai. Winsor ya ba gwamnati shawarwari shida na ƙasa a 2019 da 2020, ciki har da a ba shugabannin rundunoni 'yancin tafiyar da aiki ba tare da kansiloli suna sa musu hannu ba, da sake duba yadda ake cinikin albashi da ƙungiyar ƙwadago. An samar da kundin ɗa'a a 2021, amma manyan suka tsaya, ya yi ta maimaita su a rahotonsa na shekara-shekara har ya tafi. A 2024 Cooke ya roƙi a gyara doka yadda hukumar kashe gobara za ta zama dole ta buga amsarta ga rahoton sufeto cikin kwana 56, kamar yadda doka ta riga ta ɗora wa masu kula da 'yan sanda. A Afrilun 2025 kuma aka sake ɗauke harkar kwana-kwana daga ma'aikatar cikin gida aka mayar da ita ma'aikatar gidaje da ƙananan hukumomi, inda ta baro a 2016, saboda kwamitin Grenfell ya ce a tattara duk abin da ya shafi gobara a hannun minista ɗaya.